Ciwon Da Ba A Zuwa Dubiyarsa

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne mai ba da lafiya. Sunana Hamisu, manomi ne ni a wani ƙauye kusa da Gozaki. Na yi jinya tun daga kaka har bazara ta shigo, kuma duk tsawon lokacin nan ban yi zazzaɓi ba, ban karye ba, babu inda ya kumbura a jikina. Ina rubuta wannan ne don kada wani gida ya yi wa nasa irin jinyar da aka yi mini, duk da cewa waɗanda suka yi mini ita masoyana ne, kuma ba ni da abin da zan biya su da shi sai addu'a.

Ƙanena Sale, gandunmu ɗaya da shi tun rasuwar mahaifinmu. Ni ne mai faɗa a gonar, shi ne mai dariya. In na yi wa 'yan ƙwadago tsawa, shi ke bi daga baya ya lallashe su. Ana dab da karyar masara ciwon ciki ya kama shi, kafin mu gama shawarar inda za mu kai shi ya riga mu gidan gaskiya. Ni ne babba, don haka ni na zauna a kan tabarmar ta'aziyya ina karɓar gaisuwa, ina ba wasu haƙuri. Ko ɗigon hawaye ban yi ba. Har yabona aka riƙa yi, wai Malam Hamisu akwai tawakkali. Na ji daɗin yabon nan kuwa, ba zan ɓoye ba.

A shekarar masara ta yi kyau irin wanda ba mu saba gani ba. Ranar da aka gama ɓarewa aka jera buhuna a tsakar gida, na tsaya ina kallonsu kamar na wani ne aka kawo mini ajiya. Sai wata tambaya ta faɗo mini a rai: to, sai me? A noma, a ci, a sake nomawa, wata rana ciki ya murɗa a ɗauke ka a makara. Na yi istigfari. Na sake yi. Tambayar ta ƙi tafiya, ta bi ni masallaci, ta bi ni kan shimfiɗa.

A makonnin farko abinci ne ya fara fita daga raina. Tuwon Hajara, uwar 'ya'yana, wanda na yi shekara da shekaru ina suɗe kwanonsa, ya koma ba shi da ɗanɗano. Barci ya gudu, in ma ya zo ba ya daɗewa. Safiya ta fi kowane lokaci nauyi. In na idar da sallar asuba sai in zauna a wurin, hantsi ya ɗaga ina nan, ba lazimi nake ba, ba kuma tunanin wani abu takamaimai ba. Rediyon da ba na rabuwa da shi batirinsa ya mutu, ban nemi wani ba.

Muka fara da mai kemis na garinmu, kamar yadda kowa ke farawa. Ya dube ni ya ce maleriya ce da taifod, ya yi mini allurai har mazaunaina suka yi tsami. Da abin ya ƙi, babban ɗana ya goya ni a mashin zuwa asibiti a Malumfashi. Muka yanki kati, muka bi layi tun safe har rana ta take, aka ɗebi jini, aka ce mu dawo. Muka dawo, muka sake bin layi. Likitan yaro ne mai kirki, sai dai mutanen da ke bayana sun fi ƙarfinsa. Ya duba takardar gwajin ya ce, "Baba, komai lafiya lau. Jininka ne ya ɗan hau. Ka rage tunani."

Na yi masa godiya muka fito. A hanya ina bayan mashin ina ta mamaki. A rage tunani, sai ka ce gishiri ne a miya.

Daga nan sai maganin dangi ya fara. Yayata Delu, wadda ke aure a Maska, ta iso da ƙullin kayanta ta ce ba za ta koma ba sai ta ga na miƙe. Ita ce ta goya ni ina ƙarami, har gobe kuwa kallon ɗan goye take yi mini. Ta ce kambun baka ne, mutane sun ga yawan masarar da muka samu. Na sha rubutu, na shaƙi hayaƙi, an shafa mini abin da ban san sunansa ba. Aka kawo malami ya yi mini ruƙiyya, Allah ya saka masa da alheri, ya gama ya ce shi dai bai ga alamar iska ba, a koma asibiti. Wani kawunmu kuwa cewa ya yi rashin godiya ne ke damuna, ga rumbu cike, ga 'ya'ya, me na rasa? Duk cikin magungunan, wannan ne ya fi ɗaci, domin ni ma abin da nake gaya wa kaina ke nan.

Sai Yaya Delu ta yanke hukunci. Ta ce hayaniya ce ke ƙara mini, a mayar da ni ɗakin baya na kusa da rumbu, in huta sosai. Aka share ɗakin, aka kai katifa. Aka karɓi makullin rumbu daga hannuna. Ba da abincin shanun huɗa, wanda aikina ne tun ina saurayi, aka ba yara. Cefane, gyaran danga, zuwa kasuwa, duk aka raba. In na miƙe zan ɗauki buta sai wani ya riga ni. "Kwanta ka huta, Malam," ita ce maganar da na fi ji. Jinyar mai zazzaɓi suka yi mini, ita suka iya, kuma sun yi ta da zuciya ɗaya.

To, kowa ya san yadda dubiya take a wurinmu. Ko maruru ne ya fito wa mutum, sai zaure ya cika da takalma. Ni kaina babu gidan da ban taka ba a garin nan don duba mara lafiya. Don haka da na kwanta a ɗakin baya, sai na kasa kunne ina jiran sallama. Mako ya wuce, wani ya bi bayansa. Babu wanda ya leƙo. Ba liman, ba maƙwabta, ba 'yan ƙungiyarmu ta manoma. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Malam Iro, abokina tun muna kiwon awaki, wanda kullum bayan la'asar muke zama tare a gindin mangwaron ƙofar gidansa. Shi ma shiru.

Ban tambayi kowa ba. Me zan tambaya? Amsar ai na riga na ba kaina. Na ce ashe dama Sale ake yi wa, shi ne mai jama'a, ni haƙuri kawai ake yi da ni. Kaɗaicin da na ji a ɗakin nan, ban taɓa sanin akwai irinsa ba. Ina jin dakan mata, ina jin kukan shanu, ina jin kiran salla, amma kamar duk a wani gari ake yi. Kullum inuwar rumbu ta shigo ta taga ta bi bango ta fita, ni kuma ina nan.

Wata rana da hantsi Hajara ta kawo mini koko. Ban san lokacin da maganar ta fito ba, na ce, "Da ni aka ɗauka aka bar Sale, da gidan nan ya fi amfana. Da ma in kwanta kada in tashi."

Ta ajiye kwanon a hankali ta fita. Daga baya na ji cewa a ranar ta sa ɗanmu ya kwashe duk maganin feshin da ke gidan ya kai ajiya wani wuri. Ta kuma tsaya gaban Yaya Delu, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan, ta ce gobe Funtua za a kai ni, ta ji akwai likitan irin wannan ciwon da ke zuwa daga Zariya a wasu ranaku. Yaya Delu ta ce, "Wurin masu taɓin hankali za ki kai mini ƙane?" Hajara ta ce, "Yaya, gara in kai shi can da ƙafarsa."

A layin asibitin na ja hula har gira, ina addu'ar kada in haɗu da wanda ya san ni. Likitan bai ɗebi jinina ba. Tambayoyi ya yi ta yi, barci, abinci, abin da nake so da can wanda na daina so. Har ya tambaye ni kai tsaye ko na taɓa tunanin rabuwa da duniya. Na sunkuyar da kai na gaya masa gaskiya. Bai zabura ba, bai yi mini wa'azi ba. Ya ce sunan abin ciwon damuwa, kuma yana ganin masu shi kullum, manoma da malamai da 'yan kasuwa. Maganarsa ɗaya ta zauna mini har yau: "Baba, wannan ba raunin imani ba ne. Cuta ce, kuma tana da magani."

Ya rubuta ƙwayoyi, ya ce sai sun ɗan jima kafin a ga aikinsu, kada in daina. Gaskiya ya faɗa, don a farko ba abin da suka ƙara mini sai bushewar baki da jiri. Sannan ya ce akwai wata Malama a ɗakin da ke gaba, wadda ta karanci halayyar ɗan Adam, zan riƙa zuwa wurinta kowane mako muna magana. Na ce magana kawai? Ya ce magana kawai. A raina na ce lallai duniya ta zo ƙarshe, in sayar da masara in yi kuɗin mota har Funtua don a yi hira da ni. Kuɗin motar nan kuwa shi ya fi cin mu, ya fi na maganin nesa ba kusa ba.

Malamar sa'ar 'yata ce. Zaman farko ban ce mata komai ba ban da amsa gaisuwa. Ba ta matsa mini ba, ta bar shirun ya yi tsawonsa har ni na fara jin kunya. A zama na gaba ta ce in ba ta labarin Sale, ba rasuwarsa ba, shi kansa. Na fara da ƙyar. Na gaya mata yadda yake yi wa shanu magana kamar mutane, yadda ba ya iya huɗa miƙaƙƙiya, kunyarsa kullum sai ta karkace, mu yi ta faɗa. Ina cikin faɗar wannan sai hawaye ya zubo mini. Na yi kuka a gaban yarinyar nan irin wanda ban yi ba tun ina ɗan yaro. Ta turo mini ruwa kawai ta jira. Da na gama na ba ta haƙuri, ta ce, "Baba, bashi ne ka biya, ba laifi ka yi ba."

Na kawo mata tambayata ta "to, sai me?" ina jiran ta ba ni amsa tunda ita ce mai ilimi. Ta ce ba ta da ita, kuma ba za ta yi mini ƙarya ba. Amma ta ce tambayar tana ƙara girma ne in mutum na kwance shi kaɗai da ita. Ta tambayi yadda nake wuni, na gaya mata. Ta ce, "Wa ke ba shanun abinci yanzu?" Na ce yara. Ta ce daga gobe ni zan ba su, kowace safiya, ko ina so ko ba na so. "Kada ka jira sai ranar da ka ji sha'awa, Baba. Ka fara yi, sha'awar daga baya take zuwa."

Washegari da na fito da harawa a hannu, Yaya Delu ta yi salati. "Wace irin likita ce wannan mai sa mara lafiya aiki? Hamisu, ajiye ka koma ciki!" Na ce umarnin asibiti ne. Ban ji daɗin komai ba a ranar, ban kuma ji ba a kwanakin da suka biyo. Sai dai wata safiya na lura ƙarami daga cikin shanun yana ɗingishi, na duƙa na duba kofatonsa na cire ƙaya, na tashi ina yi wa yara faɗan rashin kula. Hajara ta leƙo daga madafa tana murmushi. Ta ce rabon da ta ji faɗana har ta manta.

Ana nan, a wani zama na gaya wa Malama abin da ya fi komai nauyi a zuciyata. Na ce duk garinmu babu wanda ya zo dubana, har aminina. Na ce wannan ai ba tunani ba ne, abu ne da ya faru, kuma ya nuna mini matsayina.

Ta ce, "Daga ɗakin da kake kwana, ana jin sallama a zaure?"

Na ce ba a ji.

"To ka gani ne ba su zo ba, ko zato ka yi?"

Na ce in sun zo ai da an shigo da su.

Ta ce, "Mai yiwuwa. Ni ban sani ba, kai ma ba ka sani ba. Ka tambayi mai ɗakinka."

Na dawo na tarar da Hajara tana tankaɗe. Na tsaya a kanta na ce, "Tun da na kwanta, wani ya zo dubana?" Rariyar ta tsaya a hannunta. Ba ta ɗago ba ta ce, "Sun zo, Malam." Na ce su wa? Ta ce kowa. Liman ya zo, maƙwabta sun zo, 'yan ƙungiya sun zo a tare. Malam Iro kuwa ya yi ta sintiri har ya gaji. Yaya Delu ce ta ba da umarni a riƙa tsayar da su a zaure, a ce ina barci, ko an tafi da ni asibiti. Yaya ta ce in aka gan ni zaune ina kallon bango ba na amsa magana, sunan hauka zai manne wa gidan, ya bi 'ya'yanmu har jikoki.

Ban taɓa jin fushi irin na ranar ba. Watannin da na yi ina ƙirga kaina cikin matattu, ashe mutane na ƙofar gida ana mayar da su. Na daina yi wa Hajara magana. Yaya Delu ta yi kuka ta ce don ni ta yi, ta haɗa kayanta ta koma Maska. Makon nan ko Funtua ban je ba, na koma ɗakin baya da ƙafata na rufe ƙofa.

Da na koma Funtua, Malama ta ce in zo da Hajara. Muka zo, ta zauna can gefe tana murza bakin mayafi. Malama ta tambaye ta yadda ita ta yi watannin nan. Ni tambayar ba ta taɓa zuwa mini ba. Hajara ta ce tun da na kwanta ba ta je suna ba, ba ta je biki ba, ko gidansu ba ta leƙa ba, don kada a tambaye ta jikina ta rasa abin cewa. Ta ce ƙawayenta sun yi fushi sun daina zuwa. Ta ce kullum in za ta kawo mini koko sai ta tsaya a bakin ƙofa ta saurari numfashina kafin ta shiga. "Ni ma ba wanda ya ce mini sannu, Malam," in ji ta. Ashe mu biyu ne a kulle, bango ɗaya tsakaninmu, kowa da nasa ɗakin.

Zan yi wa Yaya Delu adalci, tsoronta ba na banza ba ne. Da na fara fita masallaci, akwai masu gaishe ni da wata irin murya mai taushi kamar ana lallashin yaro. Da can in an yi rikicin iyakar gona ni ake kira, yanzu an daina. Abin yana yi mini ciwo. Amma na auna, wannan ciwon ana rayuwa da shi, wancan kuwa ya kusa kai ni kabari. Shi ya sa nake roƙon duk wanda nasa ya shiga irin wannan hali, kada a ɓoye shi, kada a karɓe masa duk aikinsa, kuma in ya fara maganar mutuwa kada a ce wasa yake, a kai shi wurin masu sanin abin tun da wuri. Har yanzu ina shan magani, ina zuwa wurin Malama jefi-jefi. Tambayar nan tawa ba ta tafi gaba ɗaya ba, akwai safiyar da nake tashi in tarar da ita.

Aiki mafi wuya da Malama ta ba ni shi ne in je wurin Malam Iro da kaina. Na yi ta ɗagawa har aka fara sharar gona. Ranar da na je na same shi yana gyaran ƙotar fartanya. Ya amsa sallamata a daƙile, bai ko matsa mini a tabarma ba. Ya ce, "Ka tashi daga barcin?" Ashe shi ma ya yanke nasa hukuncin, wai na samu masara na fi ƙarfin talakawa. Na tsuguna na gaya masa komai, da sunan ciwon, da asibitin da nake zuwa, da maganar da na yi wa Hajara. Sai juya ƙotar kawai yake a hannu. Na gaji da jira na yi masa sallama na taho, ina cewa a raina shi ke nan, na rasa shi ta wata hanyar kuma.

Washegari da safe ina zaure, ranar ma ba ta zo mini da daɗi ba, sai ga shi da lemo a leda da gwangwanin madara, irin kayan da ake kai wa mai zazzaɓi. Ya ajiye su a gabana. Ya tsaya yana dubana daga sama har ƙasa, yana neman inda zai yi wa sannu bai samu ba.

Ya ce, "Hamisu, wallahi ni ban iya irin wannan dubiyar ba. Me ake yi?"

Na ce, "Zama ake yi."

Ya cire takalmansa ya zauna. Bai tashi ba sai da aka kira azahar, muka tafi masallaci tare.